Takardar Da Ake Karantawa Ba A Taɓawa

Tun zamanin da ayarin raƙuma ke tashi daga Kano da Katsina su bi ta Agadas da Gat, wasu kuma ta Bilma zuwa Murzuƙ, fatake sun san darajar takarda mai hatimi. Idan an rubuta wasiƙa an buga mata hatimi, magana ta ƙare. Mai ɗauke da ita aikinsa ya kai ta inda aka aike shi, ba shi da ikon ƙara harafi ko ya rage. Addininmu ma bai bar mu a duhu ba, domin aya mafi tsawo cikin Alƙur'ani, wato ta 282 a Suratul Baƙara, umarni ne a rubuta bashi a kuma kafa shaidu.

To, yau mafi yawan takardunmu a nan Sabha cikin kwamfuta da wayar hannu suke: jerin masu zubin adashi, kuɗin taimakon marasa lafiya da na jana'iza, yarjejeniyar hayar shago, tsarin mulkin ƙungiya, sakamakon jarrabawar yara. Sakatare ya buga a Word ya tura ta WhatsApp, kafin magariba ta shiga hannu hamsin daga Gurda zuwa Mahadiyya. Abin da da yawa daga cikinmu ba su lura da shi ba shi ne, duk wanda ya buɗe irin wannan takarda yana iya canza ta. A ce yatsa ya goge sifiri ɗaya, dinari 500 ya koma 50. A ce yaro yana wasa da wayar babansa ya share sunan wani. Ba sai da mugun nufi ba. Amma ranar rabon kuɗi, wa zai yarda kuskure ne? Daga nan zumuncin shekaru yake lalacewa.

Maganin abin ba sabo ba ne. Manyanmu za su tuna yadda ake karya ɗan haƙorin kaset na wa'azi don kada a ɗauki wani abu a kansa. Faifan kwamfuta na da, mai inci 3.5, shi ma yana da ɗan marfi a kusurwa. Idan aka ja shi ramin ya buɗe, sai dai a karanta abin da ke ciki, ba a iya rubutu. Wannan dabarar ce aka shigar cikin manhajojin rubutu, aka kira ta yanayin karatu kawai. A kwamfutocin da ke da Larabci za a ga an rubuta lil-ƙira'ati faƙaɗ.

Akwai dalili na biyu. A 1995 aka sami ƙwayar cutar kwamfuta mai suna Concept da ke ɓuya cikin takardun Word, a watan Maris na 1999 kuma wata mai suna Melissa ta bazu a duniya ta hanyar imel. Saboda irin wannan ne kamfanin Microsoft ya sa kariya cikin Office 2010: takardar da ta zo daga intanet tana buɗewa ne don karatu kawai, da layi ruwan ɗorawa a samanta. Shawararmu ita ce, kada a yi gaggawar danna maɓallin ba da izinin gyara, sai an san wanda ya aiko.

Yaya sakatarorinmu za su yi? Hanya mafi sauƙi ita ce a mayar da takarda PDF kafin a tura. Kamfanin Adobe ne ya fito da shi a 1993, ya zama ma'aunin duniya a 2008, kuma kusan kowace waya tana buɗe shi. A Word, ƙarƙashin Himayatul Mustanad, ana iya hana gyara a sa kalmar sirri. Masu amfani da Google Docs kuwa su ba jama'a izinin kallo kawai, izinin gyara ya tsaya ga mutum ɗaya ko biyu.

Sai dai kada mu ɗauka an kulle ƙofa ke nan. Kamar yadda ake liƙa salatif a ramin kaset a sake ɗauka, haka mai niyyar ha'inci zai iya kwafe rubutun ya sake masa suna ya canza, har PDF ɗin ma. Yanayin karatu kawai yana hana kuskure da ganganci, ba ya hana zamba. Saboda haka kowace takarda mai kuɗi ko alkawari a ciki, a buga ta a kan farar takarda da kwanan wata, shugaba da ma'aji da shaidu biyu su sa hannu, a ajiye ta asali a wuri biyu. Idan gardama ta tashi, ita za a ɗauko.

Muna kira ga shugabannin ƙungiyoyinmu da malaman makarantu da su sa wannan magana cikin taronsu na gaba. Rigakafi ya fi magani. Allah ya ba mu ikon riƙe amana, amin.