Cooper Black: Haruffa Masu Ƙiba Da Ke Kiran Ido Daga Nesa

Ƙannenmu ɗalibai, in kun taɓa buɗe manhajar Microsoft Word a ɗakin kwamfuta na makarantarku, kuka duba jerin salon rubutu, wataƙila kun ci karo da wani mai suna Cooper Black. Haruffansa masu kauri ne, baƙaƙe wuluk, kuma babu kusurwa mai tsini a jikinsu. Kowane gefe a mulmule yake kamar curin fura.

Wani Ba'amurke mai zanen haruffa, Oswald Cooper, shi ya zana shi a birnin Chicago, aka fitar da shi kasuwa a 1922. Lokacin babu kwamfuta. Da dalma ake zuba haruffa, masu maɗaba'a su saya, su jera su ɗaya bayan ɗaya. Masu talla suka yi ta rububinsa, kuma bayan shekara fiye da 100 bai tsufa ba. Da shi aka rubuta sunan faifan Pet Sounds na mawaƙan The Beach Boys a 1966. Kamfanin jiragen sama na Birtaniya, easyJet, da shi yake rubuta sunansa.

Me ya sa yake jan ido? Kaurinsa ke sa a hango shi daga nesa. Mulmulewarsa kuwa ita ke sa ya yi kama da mai fara'a, yana kiran mutum ba tare da tsawa ba. Shi ya sa ya dace da kanun sanarwa, allon shago da rigar 'yan wasa.

Amma yana da aibi, kuma mu mun ɗanɗana. Bara, da muke shirya taron ƙungiyarmu ta ɗalibai a jami'a, ƙawarsa ta ruɗe mu, muka rubuta sanarwar duka da shi, tun daga kanu har lokaci da wurin taro. Ku duba harafin "a" ko "e" nasa, za ku ga ramin cikinsa ɗan mitsitsi ne. Da muka ƙanƙanta rubutun, aka kuma yi fotokofi, sai ramukan suka cike da tawada. Mutane suka yi ta tambayarmu ƙarfe nawa ne taron. Dole muka sake bugawa da kuɗin aljihunmu.

Ga kuma abin da ya shafi mai rubuta Hausa. Wanda ke zuwa da Word ba shi da ƙ, ɗ da ɓ. In kun rubuta su, kwamfuta za ta aro daga wani salon, sai ku ga siririn harafi tsaye a tsakiyar ƙartai. Wasu sukan cire lanƙwasar don su huta, alhali nan ne haɗarin yake. Ku kwatanta a rubuta "Gasar Muhawara ta Ƙasa", ta fito "ta Kasa". An kayar da gasar tun ba a fara ba!

Saboda haka, in an ba ku aikin sanarwar kulob ko jaridar bango, ku bar wa Cooper Black kanu kawai, kalma uku zuwa biyar. Sauran bayani ku sa shi cikin salo mai sauƙin karantawa, irin su Arial. In kanun na da harafi mai lanƙwasa, ku nemi wani salo mai kauri da ke da shi. Kafin ku buga da yawa, ku fitar da kwafi ɗaya, ku manna a bango, ku ja baya taku goma. In kun karanta rana, lokaci da wuri ba tare da kanne ido ba, to ku buga sauran.