Gaskiya da Ƙage Wajen Nuna Shiga Kogo a Finafinan Kasada Masu Ƙaramin Jari

Gabatarwa

Maƙasudin wannan takarda shi ne a duba yadda finafinan kasada masu ƙaramin jari suke nuna shiga kogo, a auna shi da yadda abin yake a zahiri. Tun daga 1990, lokacin da ƙungiyar Tumbin Giwa ta Kano ta fitar da Turmin Danya, fim ɗin Hausa na bidiyo ya tashi ne da ɗan kuɗi kaɗan. Kogo kuwa ya daɗe a zukatan masu kallo, daga tatsuniyoyin dodanni har labarin Ali Baba. Ra'ayin da za a kafa a nan shi ne, ba rashin kuɗi ke sa kogon fim ya zama na ƙarya ba, rashin lura ne.

Irin Kogon da Ƙasarmu Take da Shi

Manyan kogunan dutse da ake gani a finafinan Turai, masu dogayen hanyoyi da tsinin dutse yana reto daga sama, ruwa ne ya narkar da dutsen laimiston a cikin dubban shekaru har suka samu. Irin wannan dutse shi ake haƙa a Kalambaina ta Sakkwato don yin siminti. Amma yammacin Katsina, daga Dutsin-Ma zuwa Batsari har yankin Jibiya, ƙasar dutsen giranit ce, wanda ruwa ba ya narkarwa. Kogo a nan rata ce tsakanin manyan duwatsun da suka hau kan juna, ko inuwar wani falalen dutse. Ba shi da zurfi ƙwarai, ba shi da tabki a ciki. Saboda haka mai kallo a Riko ko Magama, wanda ya yi kiwo a gindin duwatsu, in aka nuna masa jarumi ya shiga tsaunin Hausa ya yi tafiyar kwana uku a ƙarƙashin ƙasa, ya san an yi masa ƙage. Kogon da ya dace da labarin Hausa shi ne irin na Dutsen Habude da Dutsen Mesa a Birnin Kudu, masu zanen shanu na mutanen dā, ko kuwa waɗanda aka sassaƙa da hannu a dajin Yankari.

Abubuwa Uku da Ake Kuskurewa

Na farko shi ne duhu. A can ƙuryar kogo babu haske ko kaɗan, ido ba ya sabawa da shi kome daɗewa. Duk da haka sai a ga jarumi da 'yar tocila, amma bango duka ya haskaka kamar da rana. Abin koyi a nan shi ne The Descent, wanda Neil Marshall ya shirya a Ingila a 2005 da jari kaɗan. Ba a shiga kogo na gaskiya ba, an gina shi ne a ɗakin ɗaukar fim na Pinewood, amma aka bar yawancin hasken ya fito daga fitilun da 'yan wasa suke ɗauke da su. Wannan dabara ba ta bukatar kuɗi, hasali ma ragin kuɗi ce.

Na biyu shi ne amo. Murya takan daki dutse ta dawo a wuri mai faɗi, takan shaƙe a matsattsen wuri. Masu shirya fim kan rufe wannan duka da kiɗan fiyano. Alhali kuwa dutsenmu yana da muryarsa: a 1955 Bernard Fagg ya yi nazarin duwatsun Birnin Kudu masu ƙara kamar kuge in an buga su.

Na uku shi ne jiki da numfashi. Mai shiga kogo rarrafe yake yi, yana jan ciki, yana ƙuje gwiwa, ba ya fitowa da farar riga tsaf. Iska ma takan gurɓace. A 2018, sa'ad da ruwa ya rutsa yara goma sha biyu da mai koyar da su ƙwallo a kogon Tham Luang na Tailan, iskar oksijin a inda suke ta sauka zuwa wajen kashi 15 cikin ɗari, maimakon kashi 21 na sarari. Daɗin daɗawa, akwai jemagu. Shaƙar ƙurar kashinsu na jawo ciwon huhu, kuma an danganta kamuwa da cutar Marburg a 1980 da 1987 da shiga kogon Kitum na Kenya. A namu duwatsun sai a ƙara da macizai da zuma.

Kammalawa

Wani zai ce ai fim nishaɗi ne, mene ne na tsananta bincike? Amsa ita ce, yara suna kwaikwayon abin da suka gani. Fim ɗin da ya nuna mutum ya shiga kogo shi kaɗai, da fitila ɗaya, bai gaya wa kowa ba, ya fito lafiya da tukunyar zinariya, ya koyar da ganganci. Ƙa'idar masu wannan sana'a ita ce fitila uku ga kowane mutum, da hular kwano, da abokan tafiya, da barin saƙo a gida. Bugu da ƙari, rashin tsaron da ya addabi dajin Rugu da kewayen Jibiya ya sa fita ɗaukar fim a irin waɗannan wurare ya zama haɗari, don haka gina kogo a cikin gari ba abin kunya ba ne. Abin da ake bukata kurum shi ne mai ginin ya tambayi makiyaya da mafarauta, don mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. In an yi haka, ƙaramin jari ba zai hana kogon fim ya yi kama da na gaskiya ba.