Tiyatar ƙwaƙwalwa a Tamale: Magana ma magani ce

Daga wakilinmu a Tamale

Duk wanda ya san Tamale ya san garin babura ne. Daga kasuwar Aboabo zuwa Sabonjida, daga Lamashegu zuwa Zangon Hausawa, maza da mata kowa a kan babur yake, kuma da yawa ba sa damuwa da hular kwano. Idan tsautsayi ya gitta, kai ne yakan fara dukan kwalta. Daga nan sai a ɗauki mutum ranga-ranga zuwa Asibitin Koyarwa na Tamale, wanda aka buɗe a shekarar 1974 a matsayin asibitin yanki, kuma a yau shi ne inda ake turo masu mugun rauni daga Yendi, Damongo, Nalerigu, Bolgatanga, Bawku da Wa.

Likitocin tiyatar ƙwaƙwalwa a Ghana ba su da yawa, kuma mafi yawansu suna Accra da Kumasi. Ke nan wanda ke aiki a arewa nauyi ne babba a kansa, kuma komai gwanintar hannunsa, sai da labari ingantacce zai iya aiki.

Ga misali, akwai wani irin rauni da jijiyar jini ke tsinkewa a ƙarƙashin ƙashin gefen kai, jini ya riƙa taruwa yana danne ƙwaƙwalwa sannu a hankali. Mai irin wannan rauni yakan suma, ya farfaɗo, ya yi magana ras, har 'yan uwa su ce an auna arziki, amma bayan wasu sa'o'i sai ya sake zubewa. Idan aka buɗe kai da wuri aka kwashe jinin, sau da yawa yakan warke. Tun 1974 likitoci suna da ma'aunin Gilasgo, mai lamba 3 zuwa 15, da ke nuna yadda hankalin majinyaci yake. Idan nas a Bawku ta buga waya ta ce da azahar yana kan 15, yanzu ya sauka 10, likita a Tamale ya san abin da zai shirya tun kafin motar asibiti ta iso. Idan kuwa takardar ba ta ce komai ba sai hatsarin babur, to an yi asarar lokaci mai tsada.

Abin mamaki, daga harkar jiragen sama aka fara koyon wannan darasi. A ranar 27 ga Maris 1977 jirage biyu suka yi karo a filin jirgin tsibirin Tenerife, mutum 583 suka rasu. Bincike ya nuna cewa injiniyan ɗaya jirgin ya nuna shakku ko hanya ta buɗe, amma babban matuƙi ya yi watsi da maganarsa. Bayan irin waɗannan haɗurra ne aka fara koya wa matuƙa yadda babba zai saurari ƙarami. Daga baya masana na Jami'ar Aberdeen tare da ƙungiyar likitocin tiyata ta Edinbura a Sukotilan suka tsara irin wannan horo ga masu tiyata, suka kasa shi gida huɗu: lura da halin da ake ciki, yanke shawara, magana da aiki tare, sai shugabanci. Ƙasar Ruwanda ma ta ɗauki tsarin ta daidaita shi da asibitocin da kayan aiki ba sa wadata.

A shekarar 2008 Hukumar Lafiya ta Duniya ta fito da wata takarda mai tambayoyi 19 da ake karantawa a ɗakin tiyata sau uku: kafin a sa majinyaci barci, kafin a tsaga fata, da kuma kafin a fitar da shi. Kowa zai faɗi sunansa da aikinsa, a tabbatar da sunan majinyaci da gefen da za a buɗe, hagu ko dama. An gwada ta a asibitoci takwas, har da na Ifakara a Tanzaniya, kuma sakamakon da aka fitar a 2009 ya nuna mace-mace sun ragu daga kashi 1.5 cikin ɗari zuwa 0.8.

To, a nan gida akwai abubuwa biyu da ya kamata mu duba. Na farko, tarbiyyarmu ta girmama na gaba. Abu ne mai kyau, amma a ɗakin tiyata kunya tana iya kashe mutum. Ƙaramar nas da ta ga auduga ba ta cika lissafi ba dole ta iya buɗe baki, kuma babban likita ne zai ba ta wannan dama tun farko. Na biyu shi ne harshe. A ɗaki guda za ka ji Dagbanci, Hausa, Gwanjanci, Kusasanci da Dagarti. Kafin a buɗe kan mutum sai danginsa sun amince, kuma galibi sai an jira mai gida ko kawu. Likitan da ya iya zama ya yi bayani da harshen da suke ji, ba tare da faɗa ko tsoratarwa ba, shi ne ke samun amincewa da wuri.

Don haka muna kira ga Jami'ar UDS, wadda aka kafa a 1992 kuma ɗalibanta na likitanci ke koyon aiki a wannan asibiti, da Kwalejin Likitoci ta Ghana mai horar da ƙwararru, su ba wannan fanni muhimmanci a darasi da jarrabawa, domin ba ya buƙatar na'ura mai tsada.

Kai ma mai karatu kana da naka rabo. Idan ka raka wanda ya bugu a kai, ka faɗi ƙarfe nawa ya faɗi, ko ya suma, ko ya yi amai, ko ya yi jijjiga, da irin maganin da yake sha. Kada a ɓoye cewa an fara zuwa wajen mai maganin gargajiya. Wanda ya ga abin da idonsa shi ya kamata ya yi bayani, ko da shi ne ƙarami a cikin tawaga. Sannan kafin a kai ga duk wannan, a sa hular kwano. Allah Ya kiyaye mu, Ya ba marasa lafiyarmu sauƙi, amin.