Zana farashin asusun zuba jari da kwamfuta

Asusun zuba jari wuri ne da mutane da yawa suke haɗa kuɗinsu, sai kamfani ya saya musu hannayen jari da takardun bashi na gwamnati. A ƙasashe takwas na UEMOA, har da Nijar, cinikin hannayen jari yana gudana ne a kasuwar BRVM ta Abijan, wadda ta fara aiki a shekarar 1998. Kowane mai kuɗi yana da kaso a cikin asusun, kuma farashin kaso yana hawa yana sauka. A takardun Faransanci ana kiran wannan farashi "valeur liquidative".

Lambobi masu yawa suna gajiyar da ido, shi ya sa ake mayar da su zane. Ana yin haka da Excel, ko da LibreOffice Calc wanda ake samu kyauta. Shafinsu gida-gida ne, kamar littafin lissafi na ƴan makaranta. Ku rubuta kwanan wata a jerin A, ku rubuta farashin ranar a jerin B. Ku zaɓi jerin biyu, ku umarci na'ura ta fitar da zane mai layi. Kwanaki za su kwanta a ƙasa, farashi ya tsaya a gefen hagu.

Wannan gefen hagu shi ne wurin da ya kamata a lura sosai. A misali, kaso ya tashi daga sefa 10.000 zuwa 10.200 cikin shekara guda. Ribar ita ce 2 cikin 100 kawai. In ma'aunin ya fara daga sifiri, layin zai kusan kwanta. In kuwa ya fara daga 9.900, layin zai miƙe sama kamar hawan dutse, alhali kuɗin bai canza ba. Na'ura takan zaɓi mafarin da kanta, kuma mai neman kuɗinku yana iya barinsa haka domin ya fi jan hankali. Saboda haka, kafin ku dubi layin, ku karanta lambar da ke can ƙasa a hagu. Ku kuma nemi zanen shekaru uku ko biyar, domin zanen wata uku yana iya ɓoye faɗuwar bara.

In ana son gwada asusu biyu, ɗaya kasonsa 5.000 ɗaya kuma 50.000, sai a sa su tashi daga wuri guda. A gidan C2 ku rubuta =B2/$B$2*100, ku ja shi zuwa ƙasa. Ku yi wa asusu na biyu haka. Dukansu za su fara daga 100. Wanda ya kai 108 ya ƙaru da 8 cikin 100, wanda ya koma 95 ya ragu da 5 cikin 100.

Zane ba ya nuna ladan da akan cire lokacin shiga asusu ko fita daga cikinsa. Wannan sai an tambaya, a kuma duba ko hukumar AMF-UMOA ta ba asusun izini.