Kama da Wane Ba Wane Ba Ne: Tagwayen Kalmomin Ingilishi a Kasuwannin Tasawa da Mayahi

Tun kafin zuwan Nasara fatake ke kai da komo tsakanin Tasawa da Katsina da Kano. Ita ce hanyar da matafiyin nan Heinrich Barth ya bi a shekarar 1851. Da Faransa da Ingila suka shata iyaka a farkon ƙarni na 20, fatauci bai tsaya ba, sai dai takardu suka rabu: arewa da iyaka ana rubutu da Faransanci, kudu da ita kuwa da Ingilishi. Shi ya sa yawancin kayan da ke fitowa Nijeriya zuwa gundumomin Tasawa da Mayahi, kamar magunguna da takin zamani da kayan masarufi, rubutun Ingilishi ne a jikinsu. Ingilishi kuwa yana da waɗansu kalmomi masu tafiya bibbiyu kamar tagwaye, amma ma'anarsu ta sha bamban. Ga huɗu daga cikin irin waɗannan tagwaye da ya kamata kowa ya kiyaye.

Na farko, invoice da receipt. Dukansu takardu ne da mai sayarwa ke bayarwa, ɗauke da sunan kaya da kuɗinsu, har ma da hatimi. Amma invoice takardar neman biya ce, tana faɗin abin da ake bin mutum. Ita ce facture a Faransanci. Receipt kuwa shaida ce cewa kuɗi sun shiga hannun mai kaya. Ita ce reçu. Falken da ya biya kuɗin buhu ɗari na taki a Kano, ya komo gida da invoice kaɗai wadda ba a rubuta paid a kanta ba, ba shi da hujja ranar da aka ce bai biya ba.

Na biyu, lend da borrow. A nan Hausa da Ingilishi kowa da inda ya sa ido. Bahaushe yana duban abin da za a mayar: in galma ce ko amalanke, aro ne, domin ita ɗin za a maido, in kuɗi ne ko hatsi, rance ne, domin madadinsu za a biya. Ingilishi bai kula da wannan ba, shi hannu yake duba: wanda ya bayar shi ya yi lend, wanda ya karɓa shi ya yi borrow. Saboda haka a takardar yarjejeniya, lender shi ne mai bin bashi, borrower shi ne wanda ake bi. Wanda ya sa hannu a layin da ba nasa ba yana iya wayan gari bashin da yake bi ya koma kansa.

Na uku, manufacture da expiry, waɗanda ake taƙaitawa MFG ko MFD, da EXP, a jikin kwalin magani. Kwanan watan da ke gaban MFG yana nuna lokacin da aka yi maganin. Wanda ke gaban EXP kuwa yana nuna lokacin da wa'adinsa ke cika. In an rubuta EXP 06/2024, ma'ana bayan watan Yuni na 2024 bai kamata a sha shi ba. Hukumar NAFDAC ta Nijeriya, wadda aka kafa a 1993, tana ba magungunan da ta yi wa rajista lamba, amma lambar ba ta hana magani tsufa. Uwar da ta ɗauki ranar ƙarewa a matsayin ranar yi, sai ta ba ɗanta maganin da ƙarfinsa ya tafi tana zaton sabo ne.

Na huɗu, fifteen da fifty. Wannan ruɗani na kunne ne, musamman a tarho. Daga 13 zuwa 19 kalmomin suna ƙarewa da teen, mai dogon wasali da harafin n a ƙarshe. Gomiyoyi daga 20 zuwa 90 kuwa da ty, gajere. Tsakanin naira dubu 15 da naira dubu 50 akwai dubu 35. Mutanen da suka saba lissafi da dala da jika sun san amfanin maimaita adadi. Maganin abin shi ne a faɗe shi da Hausa, sannan a rubuta shi da lambobi.

Wannan magana ba ta fatake kaɗai ba ce. Tun watan Maris na 2025 dokar ƙasa ta sa Hausa harshen ƙasa, ta kuma sa Ingilishi da Faransanci harsunan aiki. Ma'aikatan gidajen likita da na gona da malaman yaƙi da jahilci su ne suka fi cancanta su bayyana wa jama'a waɗannan kalmomi. Ƴan kwaleji kuma, da ke koyon Ingilishi tun ajin farko, suna iya karanta wa iyayensu kwali kafin a saya. Wanda ya koyi karatu da girmansa ya riga ya mallaki haruffan. Abin da ya rage shi ne ya tsaya ya duba, in bai gane ba ya tambaya. Matambayi ba ya ɓata.