Toshe Jijiyar Mahaifa: Ina Makomar Haihuwa?

A shekarar 1995 wani likitan mata a Faransa mai suna Jacques Ravina ya wallafa yadda shi da abokan aikinsa suka yi maganin ƙarin mahaifa ba tare da an yanka ciki ba. Dabarar ita ce a yanke wa ƙarin abinci. Ana huda matse-matsi ko wuyan hannu, a zura siririn bututu har zuwa manyan jijiyoyi biyu da ke shayar da mahaifa, sannan a tura wasu ƙwayoyi ƙanana kamar yashi su toshe hanyar. Cikin 'yan watanni ƙarin ya yamushe, jinin al'ada ya ragu.

A matsayina na ingozoma, tambayar da na fi sha ita ce: "Anti, to mahaifar ba za ta mutu ba?" Da wuya ta mutu. Akwai wasu jijiyoyin daga gidan ƙwai da farji da ke ci gaba da kai mata jini, ƙarin ne ba ya jure yunwa. Mata da dama sun haihu bayan aikin.

Sai dai ba nan gizo ke saƙa ba. Jijiyar mahaifa tana haɗe da ta gidan ƙwai, ƙwayoyin kuma kan ɓace su shiga can. Idan haka ta faru al'ada na iya ɗaukewa tun lokaci bai yi ba, musamman ga wadda ta haura shekara 45. Shimfiɗar cikin mahaifa, inda ɗan tayi zai kama, ita ma tana iya raunana. Wani bincike da aka yi a ƙasar Czech a 2008 kan mata 121 ya nuna waɗanda aka yi wa tiyatar cire ƙarin sun fi samun ciki, kuma ɓari ya fi yawa ga waɗanda aka toshe wa jijiya. Idan cikin ya zauna ma, akwai fargabar mabiyiya ta manne, ko jini ya ɓalle bayan haihuwa, kuma an fi kai su ga haihuwa ta tiyata.

Wadda jini ya ɓalle wa bayan haihuwa lamarinta daban ne. Ita ma ana toshe mata jijiyar, amma don ceton rai ne, sau da yawa da wani soso da ke narkewa cikin makonni, hanya ta sake buɗewa. Wannan ya fi cire mahaifar nesa ba kusa ba.

Ƙari ya fi addabar mata baƙar fata, yakan kuma zo mana da wuri, lokacin da ake tsaka da neman haihuwa. Don haka ra'ayina, wadda ta gama haihuwa kuma take gudun wuƙa, wannan aikin ya dace da ita. Wadda har yanzu take son goyo kuwa, ta fara tambayar likita ko za a iya cire ƙarin a bar mata mahaifarta. 'Yar'uwa, kada kunya ta hana ki faɗa masa kina son ƙarin haihuwa tun kafin ki sa hannu a takarda.