Fasali A Kan Gyaran Ɗaki Da Ƙawata Shi A Ƙasar Gezawa

Ku sani, idan kaka ta wuce, hatsi ya shiga rumbu, hunturu ya sauko, sa'an nan ne mutanen karkarar Kano su kan juyo da hankalinsu ga gidajensu. Ƙasar Gezawa, wadda ta ke arewa maso gabas da birnin Kano, kan hanyar da ta nufi Gumel da Haɗejiya, ƙasa ce mai yawan jama'a, gona na gogar gona, ba a barin saura. Inda fili ya yi ƙaranci haka, mutum ba shi da ikon barin gidan da ya lalace ya koma wani wuri ya kafa sabo. Tilas ne ya riƙa gyaran wanda ya gada. Saboda haka sanin gyaran ɗaki da hannun mai shi ya zama abin bukata ga kowane magidanci.

Aikin yana da tsari huɗu: da fari rufi, sa'an nan bango, sa'an nan daɓe, daga ƙarshe ado. Wanda ya fara da ado ya yi hasarar dukiyarsa, domin ruwan farko shi zai wanke masa ita.

Amma rufi, idan na soro ne, ƙarfinsa yana ga azara, watau tsagin itacen giginya, wanda gara ba ta cinsa da sauƙi. Azara ɗaya ba ta ɗaukar nauyin ƙasa in tsakanin ya wuce kamar ƙafa 6. Ɗakin da ya fi haka faɗi sai da bakan gizo ko ginshiƙi, wannan kuwa aikin magini ne, kada mai gida ya taɓa shi. Abin da ya ke kansa shi ne ya hau soron da rani, ya toshe tsaga, ya gyara gangaren, ya kuma share indararo don ruwa ya sami hanya. Mafi yawan ruwan ƙasar Kano a watan Agusta ya ke sauka, a cikinsa ne kuma aka yi ruwan shekarar 1988, wanda ya rushe dubban gidaje har madatsar Bagauda ta ɓalle. Soron da ruwa ya kwana a kansa ba shi da tabbas, mutane kuwa a ƙarƙashinsa su ke barci.

Rufin kwano ya yaɗu ne bayan da hanyar jirgin ƙasa ta iso Kano a 1911, kuɗin gyaɗa su ka shiga hannun manoma. Ya ɗauke wahalar yaɓen kowace shekara, amma ya kawo zafi da rani da sanyi da hunturu. Maganinsa a sa masa rufi na biyu daga ciki, ko na katako ko na asabari. A kuma bar bakinsa ya zarce bango sosai, don kada ruwan da ya ke zubowa ya riƙa cin gindin ginin.

Amma bango, masu iya magana sun ce sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Bangon tubali da irin ƙasarsa a ke gyaransa. A kan haƙo jar ƙasa, a kwaɓa ta da yankakkiyar ciyawa da kashin doki ko na jaki, a tattake, a bar ta kwanaki ta ruɓa, kana a yayyafa wa bangon ruwa a yaɓa. Ciyawar ita ce ke hana yaɓen tsagewa in ya bushe. Magabata suna da makuba, watau ɓawon 'ya'yan ɗorawa da a ke jiƙawa har ruwan ya yi ja, a haɗa da ƙasa, ta hana ruwa ratsawa. Ɗorawa kuwa na nan tsaye cikin gonakin wannan ƙasa, kowace da mai ita, don haka kada a zubar da ɓawon bayan an fid da garin da kalwa. Suna kuma da laso, wanda a ke haɗawa da katsi na karofi, da gashin jima, da dafara. Ya fi makuba daɗewa, sai dai ya yi wuyar samu tun da marina su ka ragu.

A nan akwai gargaɗi. Tun da masana'antar siminti ta Sakkwato ta fara aiki a 1967, da waɗansu irinta, mutane da yawa sun koma shafe bangon ƙasa da siminti, suna zaton sun huta. Siminti da ƙasa ba su haɗa jiki. Rana ta buga, siminti ya tsage, ruwa ya shiga ta tsagar, ya rasa mafita, ya riƙa narkar da tubali a ɓoye alhali fuskar bango na nan sumul. In mutum ya ƙwanƙwasa ya ji wurin yana amo kamar ganga, to, ya rabu da bangon ke nan, sai a ɓamɓare a sake. Ginin bulo kuwa siminti ne abokinsa.

Daɓe aikin mata ne tun asali, da gayya a ke yinsa. A kan baza birji, a jiƙa, a yi ta bugu da madaɓi ana waƙa, ana yayyafa ruwan makuba ko na bagaruwa, har ya yi tauri da sheƙi. Mai son shimfiɗa leda ya dakata sai daɓen ya bushe sarai, ko na ƙasa ne ko na siminti, domin leda tana tsare laima, laima kuwa ita ce ke kiran gara.

Sa'an nan a zo ga ado. Farar ƙasa ita ce mafi dacewa da bangon ƙasa, ga araha, ga haske, ba ta kuma hana bango shan iska. Fentin mai a kan ɗanyen yaɓe ɓarewa ya ke yi. Wanda ya shafa shi a ginin siminti ya buɗe ƙofa da taga, kada yara su kwana ciki sai warin ya fita. Zane kuwa tun yaɓe yana ɗanye a ke fid da shi da yatsu: dagi, da zobe, da takobi, musamman a bakin ƙofa. A Zariya, cikin shekarun 1950, magina har keke da mota da agogo sun zana wa attajirai. Kada wani ya raina ginin ƙasa. Da shi Babban Gwani Muhammadu Durugu ya gina masallacin Juma'a na Zariya a zamanin Sarkin Zazzau Abdulkarimu, wanda ya yi sarauta daga 1834 zuwa 1846. Da shi kuma Falke Barmu ya fara masallacin Yama a jihar Tawa ta Nijar a 1962, har ginin ya ci kyautar Aga Khan a 1986.

Malami mai makaranta a zaure ya kula da abu biyu. Na ɗaya, hayaƙin wutar karatun dare yana baƙanta bango, sai a kankare kunkunniyar kafin a shafa farar ƙasa, in ba haka ba za ta ɓullo. Na biyu, littattafai. Kada a ajiye gafaka ko akwatin takardu a kan daɓe ko jingine da bango. A ɗora su bisa wani abu mai ƙafa, a riƙa fid da su ana kaɗewa, domin gara ta kan cinye cikin 'yan kwanaki abin da kaka ya yi shekaru yana rubutawa. Haka nan ɗan kasuwa da dilolinsa na tufafi.

Saura maganar jere. A dā ɗakin amarya da ƙore da faya-fayi da tukwane a ke ƙawata shi, daga baya tasa da kwalla su ka shigo, sa'an nan tangaran da kabad da kujeru. Jere dukiyar mace ce, ta kan sayar da wani abu daga ciki ranar bukata, don haka ba abin zargi ba ne. Abin tsoro shi ne gasa, har uba ya jinginar da gona don a ce ɗakin 'yarsa ya fi na 'yar maƙwabci. Kwalla takan fashe, kujera takan tsufa, amma gonar da ta fita hannu a ƙasa irin ta Gezawa da wuya ta komo.

Saboda haka kowane magidanci ya zaga gidansa tun kafin bazara, ya fara da soro, ya ƙare da farar ƙasa, ya kashe gwargwadon abin da ya ke hannunsa. Allah ya sa a ga damina lafiya. Wassalamu.